Jinin da Ya Ƙi Tsayawa a Kumasi

A Ikko, wato Legas, aka fara koya mana hankali. Mun sauka daga jirgin ƙasa ni da wana, Yaya Mudi, ƙafafu a kumbure saboda zama, sai wani mutum mai jar dara ya tare mu da Hausa garau, kai ka ce a kasuwar Kurmi aka yanke masa cibiya. Ya ce yana da motar da za ta kai mu har Ankara, babban birnin ƙasar Gwanja, ba sauka. Ni dai idonsa bai kwanta mini ba, na kuma faɗa. Yaya ya ce in kama bakina, babba na magana. Motar ta kai mu wani wuri mai yashi kusa da ruwa, direba ya ce ta cije, kowa ya sauka a tura. Muna turawa ya ba ta wuta. Haka muka tsaya muna kallon buhun garin dawarmu da kuka da daddawar da Inna ta ƙulla mana suna tafiya Ankara ba mu.

Mu mutanen wani ƙauye ne gabas da Minjibir, inda gona ke haɗa kafaɗa da gona, babu daji ko na ɗaure akuya. Ƙasarmu ba ta san hutu ba. Da jakuna muke kwaso taki daga birni muna zuba mata, ita kuma ta ba mu gero da dawa da gyaɗa gwargwadon abin da muka ba ta. A shekarar da nake magana, zamanin Turawa ne, lokacin da ake ta raɗe-raɗin mulkin kai, rumbunmu bai cika ba. Baba ƙarfinsa ya tafi, maza a gandunmu mu biyu ne rak. Shi ya sa da aka gama roron gyaɗa muka fita cin rani ƙasar Gwanja, wadda yanzu ake kira Gana, da sharaɗin mu dawo kafin ruwan shuka.

Daga wurin da aka yashe mu, tafiyar ƙafa muka yi ta bakin teku, muka ratsa ƙasar da Faransa ke mulka. Ni teku ba ta burge ni ba. Ruwa har iyakar ganinka, amma ko kurɓa guda ba ya shayuwa, wannan ai rowa ce. A wani ƙauyen masunta yunwa ta durƙusar da mu gindin bishiyar kwakwa. Wata tsohuwa mai ƙyafe kifi ta daɗe tana kallonmu, can ta aiko mana da wani tuwon masara mai tsami a nannaɗe cikin ganye, da kifi, da barkonon da ya sa ni hawaye. Ba ta jin Hausa, ba ma jin nata. Yaya ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, ita kuma ta yi ta gyaɗa kai. Ina ci ina tuna miyar kukar Inna, kewa ta kama ni.

Ankara ba mu daɗe ba, aka ce aiki na Kumasi. A zangon Kumasi, unguwar baƙi Hausawa, muka sauka hannun Baba Tanko, mutumin wajen Ungogo da ya shekara da shekaru a can. Wanda bai yi baƙunta ba ba zai gane matsayin mai masauki ba. Shi ne ubanka, shi ne lamuninka, shi ne bakinka a gaban hukuma. Da jin sunan ƙauyenmu ya ce ai ya san kasuwarmu, ya tambayi ko tsohuwar kukar bakin rijiya na nan. Ya ba mu ɗaki, ya sama mana aikin ɗaurin huhun goro da loda shi a mota, bai karɓi ko anini ba sai da muka tsaya da ƙafafunmu.

Yana da wata sana'a a ɗakin baya. Ya yi yaƙin Bama na zamanin Hitila yana taimaka wa likitocin soja, ya dawo da iya allura, mutanen zango kuwa sun fi yarda da allurarsa fiye da layin asibiti. Doka ta hana. Ba a daɗe ba kafin zuwanmu aka ɗaure wani a kan irin wannan. Ranar da muka sauka ya ce mana abin da ido ya gani a ɗakin baya, ya tsaya a ɗakin baya. Yaya ya dafa ƙirji ya ce amana ce, ya ɗauka a madadinmu mu biyu. Daga baya ma ni Baba Tanko ya riƙa sa wa tafasa masa allurai, har ya nuna mini inda yake ɓoye mabuɗi.

Sauron ƙasar nan bai san baƙo ba. Zazzaɓi ya kayar da Yaya, Baba Tanko ya ja wani ruwa fari tas daga kwalba ya yi masa allura a ɗuwawu. Zazzaɓin ya sauka, muka yi hamdala. Kashegari da safe Yaya na asuwaki, na ga abin da yake tofarwa ja ne. Kafin azahar haɓo ya ɓalle. Mun toshe da auduga, mun zuba ruwan sanyi a ka, mun ɗaga kansa sama, jini dai na bin maƙogwaro. Da na buɗe bakinsa na ga ƙuraje baƙaƙe cike da jini a cikin kumatu da kan harshe, ƙwaurinsa kuma ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yajin barkono a ƙarƙashin fata. Baba Tanko da kansa ya nemo amalanken da muka tura Yaya asibiti, amma ya tsaya a bakin titi bai shiga ba.

Likitan baƙar fata ne, ɗan ƙasar, saurayi mara yawan magana. Mai yi mana tafinta shi ne ma'aikacin ɗakin awon jini, Mista Kofi, wanda ya tashi a gefen zango. Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji, kowa "shi" ne, har matar gwamna. Likita ya tambaya ko Yaya ya sha wani magani ko an yi masa allura. Yaya ya ce a'a, ya kuma kafe ni da ido. Na sunkuyar da kai.

Abin da ya fara tunzura ni shi ne mutum na zubar da jini, su kuma sai ƙara ɗiba suke. Mista Kofi ya huda masa fatar kunne yana dangwala takarda yana duban agogo, jini ya ƙi tsayawa. Ya tsaga yatsa, ya ja jini a hannu. Na ce masa in sayarwa suke yi su faɗa mini farashi in kawo nawa. Maimakon ya yi fushi sai ya ce in kawo ɗin. Ya ja ni ɗakinsa, ya huda yatsana, ya shafa a gilashi, ya sa nawa da na Yaya ƙarƙashin madubin nan nasu mai mayar da ƙwayar ƙura ta zama dutse.

Ya ce jini ba ruwa ba ne kawai, iri uku ne a ciki. Akwai jajaye masu ba da ƙarfi, akwai farare masu yaƙi da cuta, sai wasu 'yan mitsi-mitsi da aikinsu shi ne toshe rauni, 'yan toshiya ke nan. Na leƙa nawa, ga su nan tsakanin jajayen, gungu-gungu. Na leƙa na Yaya, sai da Mista Kofi ya yi ta juya gilashin kafin mu ga ɗaya tilo. Yana da wani gilashin mai zane-zanen gida-gida da yake ƙirga su a kai. Ya ce inda ya kamata ya ƙirga har ya gaji, a na Yaya yatsun hannu sun ishe shi.

"Kai manomi ne," in ji shi. "In ka shuka gyaɗa ka ga gona duk giɓi, me za ka duba?"

Na ce ko iri ne mara kyau, ko ƙasar ce ta mutu, ko kuwa wani abu ne ke tonewa.

Ya ce to su ma haka za su bi abin ɗaya bayan ɗaya. Jajaye da fararen Yaya lafiya lau suke, ban da ɗan raguwar da zubar jini ta jawo, don haka ba irin mugun ciwon nan ba ne mai cinye jini gaba ɗaya. Ƙwayar zazzaɓin sauro ma ya nema bai gani ba. Likita ya danna cikin Yaya ta hagu ya ce saifa ba ta kumbura ba. Sannan suka soka wata ƙatuwar allura a ƙashin ƙirjinsa suka jawo ɓargo, ni kuwa na fita waje. Ɓargon, in ji Mista Kofi, cike yake da iyayen 'yan toshiyar, suna ta haihuwa. Iri lafiya, ƙasa lafiya. Wani abu ne ke cinye su bayan sun fito.

Ba su gano abin ba, amma sai jinin ya fara gyaruwa don kansa. Kullum Mista Kofi zai ƙirga, kullum lissafi na hawa. Haɓo ya tsaya, ƙurajen baki suka bushe. Aka sallame mu, Likita na ɗaure da fuska kamar wanda aka ci shi a dara bai ga ta inda aka bi ba.

Zango ya yi murna. Baba Tanko ya yanka kaza. Shi a ganinsa jifa aka yi wa Yaya a wurin aiki, don allurar nan ya yi wa mutane ba adadi tun daga Bama, ko ɗaya bai taɓa yin haɓo ba. Ni ma na so in yarda. Yaya ya koma ɗaukar huhu, bai yi nisa ba jikinsa ya sake ɗumi. Ina wurin lodi lokacin da Baba Tanko ya sake jan ruwan nan a kwalba.

Wannan karon ko la'asar ba a kai ba. Sanyi ya kama shi yana karkarwa, jini ya ɓalle ta hanci da dasashi, farin idonsa ɗaya ya koma ja wur, fitsarinsa kamar ruwan zoɓo. Da muka isa asibiti Mista Kofi ya ƙirga ya ce yau ko yatsun ma ba ya bukata. Likita ya juya Yaya, ya ga kumburi baƙi ƙirin a ɗuwawunsa. Yaya ya ce daga kan mota ya faɗo.

Likita ya sa aka kira ni baranda. Ya yi magana a hankali, Mista Kofi na juyawa. Ya ce awon jini ya gaya masa abin da bakinmu ya ƙi faɗa. Lissafi ya hau a asibiti, ya faɗi a gida cikin yini guda, kuma ciwon da ke cikin jiki ba ya sanin ƙofar asibiti. Wani abu ake sa masa daga waje. Sai dai masu allurar ɓoye magunguna iri-iri suke amfani da su, shi kuwa ba zai iya canka ba. In zazzaɓi ya tashi ya ba shi magani, mai yiwuwa abin da ke kashe shi ne zai ƙara masa da hannunsa. In kuma muka rantse babu komai, to hanyar da ta rage ita ce a yanka shi a cire saifa, domin wani lokaci ita ke cinye 'yan toshiyar. Ya ce in yi tunanin wuƙa a cikin mutumin da hudar kunne ma ba ta tsaya masa.

"Ba mutum Likita yake nema ba," in ji Mista Kofi. "Kwalba yake nema."

Na koma wurin Yaya na durƙusa kusa da kunnensa na gaya masa duka. Bakinsa cike da auduga, amma na ji abin da ya ce sarai.

"Habu, mutumin nan ya ba mu ɗaki lokacin da ba mu da ko tabarma. In an ɗaure shi saboda ni, da wane ido zan kalli mutanen Ungogo? In kwana ya ƙare, ya ƙare. Ban yarda ba."

Na ce ni kuma da wane bakin zan gaya wa Inna. Ya juya fuskarsa bango.

Tun ina yaro ban taɓa tsallake maganar Yaya ba. Tsiwa nakan yi, amma in bi. Ranar na fita daga ɗakin ina jin haushinsa, ina jin haushin Baba Tanko, ina jin haushin amana ita kanta da ta zaɓi wuyan wana ta hau. Tsoro kuma ya kama ni, don ban san Likita ba balle in san nauyin alkawarinsa. In ya kira 'yan sanda, na kashe dattijon da ya ciyar da ni. In na yi shiru, na kashe ɗan'uwana.

Kashegari Juma'a ce. Na laɓe a rumfar wani mai gyaran keke har na ga Baba Tanko ya fito da farar rigarsa ya bi ayarin masallaci. Zango ya yi tsit, sai mata da kaji. Na ɗauko mabuɗin inda ya nuna mini, na buɗe ɗakin baya. Kwalbar na cikin akwatin ƙarfensa na soja, an kankare rubutun jikinta. Na cusa ta a aljihun wando, na mayar da komai yadda yake. Uwargidansa ta hango ni daga madafa ta ce ya mai jiki, na ce da sauƙi, ban tsaya ba.

Likita ya ɗiga ruwan a bayan hannunsa ya lasa, ya yamutsa fuska ya ce kwinin ne, maganin zazzaɓin sauro, ga alama, amma ɗaci ba shaida ba ne. Ya tambayi wa ya yi allurar. Na ce ni ne. Ya dubi hannuwana da igiyar huhu ta yi wa kanta, ya miƙo mini allura ya ce in nuna masa yadda na riƙe. Na damƙe ta kamar lauje. Ya karɓi abarsa, bai sake tambaya ba.

Awon da ya biyo baya da jinina aka yi shi, domin na Yaya ba shi da 'yan toshiyar da za a gwada, kuma an duba an ga jininmu iri ɗaya ne. Mista Kofi ya jera 'yan siraran kwalabe uku, ya zuba jinina a kowacce. A ta farko ya ƙara ruwan da ya tace daga jinin Yaya. A ta biyu ya ɗiga maganin. A ta uku ya haɗa duka biyun. Ya ce lafiyayyen jini in ya daskare yakan tsuke ya zama gudaji, ya tsatso ruwa a gefe kamar nonon da ya kwana, kuma 'yan toshiyar ne ke yin wannan aikin. Ya sa kwalaben a wani akwati mai ɗumi ya ce a jira.

Ban taɓa jira irin wannan ba. A ɗakin marasa lafiya an riga an hana Yaya abinci, an aske masa ciki, saboda in awon bai nuna komai ba wuƙa ce. Ina zaune a dakalin ƙofa ina jan salati, rabi na ɓacewa a hanya. Duk wanda ya wuce da takalmi mai ƙara sai in ɗauka ɗan sanda ne.

Da rana ta yi sanyi Mista Kofi ya kira ni da Likita. Ya ɗaga kwalaben ga hasken taga. Ta farko ta tsuke, ruwa ya kewaye gudajin. Ta biyu ma haka. Ta uku kuwa tana nan cike fal, laɓa-laɓa kamar kunun da ya huce, ko ɗigon ruwa ba ta fitar ba.

Likita ya yi ajiyar zuciya, ya yi magana mai tsawo. Ma'anarta ita ce maganin ba guba ba ne, ga shi bai taɓa jinina ba. Jikin Yaya ne ya ƙulla gaba da shi, duk lokacin da suka haɗu sai 'yan toshiya su hallaka a tsakani. Mutum ɗaya cikin masu yawa ake samu haka. Ba yanka, ba wani magani, a dai raba su har abada. Na durƙusa na yi godiya.

Tun kafin Yaya ya tashi na je na sami Baba Tanko, don na fi son ya ji daga bakina. Yana zaune a zaure, akwatin ƙarfen a buɗe gabansa. Na faɗa masa komai, har da cewa sunansa bai fita daga bakina ba.

"Zai tashi?"

Na ce zai tashi, in Allah ya yarda.

"Da ka tambaye ni, da na hana ka," in ji shi. "Da yanzu muna haƙa kabari. Allah ya yi maka albarka." Ya rufe akwatin. "Amma ka tattara kayanka. Wanda ya buɗe mini ɗaki ina masallaci ba ya kwana a gidana."

Ban yi gardama ba, ni da ba a raba ni da gardama. A barandar asibiti na ƙarasa kwanakina, Mista Kofi na rufa mini asiri wurin masu gadi, yana kuma sanar da ni lissafi kowace safiya, har ranar da ya ce ya ƙirga ya gaji.

Yaya ya warke, amma ya ɗauke mini magana. Ya je shi kaɗai ya durƙusa gaban Baba Tanko ya nemi gafara, ya dawo da guzurin goro da aka ba shi. Daga Kumasi zuwa Ankara, daga Ankara zuwa Ikko, har cikin jirgin ƙasa, in zai ba ni abinci sai ya tura mini ba tare da ya dube ni ba. Ni ma na yi zuciya na ƙi ba shi haƙuri, don har gobe ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba. Da muka wuce Zariya ƙasa ta buɗe, na fara ganin ɗorawa da kuka da rumbuna, hadari kuma na haɗuwa ta gabas.

Ruwan shuka ya riga mu isa da kwana ɗaya. Ko hutawa ba mu yi ba, da safe muka fita gonar gero, Yaya a gaba da sungumi yana sara, ni a baya da ƙwaryar iri ina zubawa ina rufewa da ƙafa. Maƙwabta ta ko'ina suna ta ɗago hannu suna yi mana barka da dawowa. Mun kai tsakiyar gona sai tsohon kututturen kara ya yanke shi a idon sawu. Na ga jini ya tsatso, ya gangara zuwa dunduniya. Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa na riƙe ƙafarsa da hannu biyu, ina kallo, ba na ko numfashi. Jinin ya yi kauri, ya yi duhu, ya tsaya.

Shi ma ashe kallo yake yi daga sama.

"Ya tsaya, Habu," in ji shi. "Tashi ka zuba iri, rana na yi."